Saita Manhajar Jigilar Wasiƙu a Hanyar Sadarwa ta FidoNet: Adireshi, Zango, Lokaci da Makomar Haruffa Masu Lanƙwasa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake saita manhajojin da ke jigilar wasiƙu tsakanin allunan sanarwa na kwamfuta waɗanda 'yan sha'awa ke gudanarwa, inda aka ɗauki FidoNet a matsayin abin nazari. An fayyace rabon aiki tsakanin manhajojin, da tsarin adireshi, da kalmomin sirri, da zaɓen hanya da lokaci, da kuma matsalar maimaicin saƙo. Maƙalar ta nuna cewa kowane layi a cikin fayil ɗin saiti yarjejeniya ce tsakanin tasha da maƙwabciyarta, kuma ɗaya daga cikin waɗannan yarjejeniyoyi, wato ta jadawalin haruffa, ita ce ke yanke hukunci a kan ko rubutun Hausa zai isa inda aka aika shi da haruffansa masu lanƙwasa ko kuwa zai isa a gurɓace.

1.0 Gabatarwa

Kafin intanet ta zama ruwan dare, akwai mutanen da suka riƙa jona kwamfutocinsu na gida da layin tarho ta hanyar na'urar modem, domin wasu su bugo su karanta saƙonni su kuma bar nasu. Irin wannan kwamfuta ita ce allon sanarwa, wanda aka fi sani da taƙaitaccen sunansa BBS. Ward Christensen da Randy Suess ne suka buɗe na farko a birnin Chicago na Amurka a watan Fabrairu na 1978. Sai dai kowane allo tsibiri ne a wancan lokaci: abin da aka rubuta a kansa, a kansa yake tsayawa.

A 1984 Tom Jennings, mazaunin San Francisco, ya ƙara wa manhajarsa mai suna Fido dabarar da za ta sa alluna su riƙa bugo wa juna waya da daddare suna musayar wasiƙu ba tare da hannun mutum ba. Daga nan FidoNet ta samo asali. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 tashoshin da ke cikin kundinta sun haura 30,000 a faɗin duniya, kuma har yau ba ta mutu ba, illa dai yawancin tashoshin da suka rage sun koma bin intanet maimakon layin tarho.

Abin da ya sa batun ya cancanci kulawar manazarta harshe shi ne, a wannan hanya babu kamfani guda da ke riƙe da linzami. Mai tasha ne da kansa yake rubuta wa manhaja inda za ta kai saƙo, da lokacin da za ta kai shi, da irin haruffan da za ta gane. Duk wanda ya fahimci yadda ake wannan saiti, ya fahimci inda harshe ke samun gurbi a cikin na'ura da kuma inda yake rasa shi.

2.0 Tsarin Ajiye-ka-Miƙa

Hanya mafi sauƙi ta gane FidoNet ita ce a tuna tafiyar fatake. Kaya ba sa zuwa daga garin farko zuwa na ƙarshe a tashi ɗaya. Zango-zango ake bi, a sauke a kwana, sannan a ɗaura a ci gaba. Haka wasiƙa take: tasha ta farko ta ajiye ta har lokacin kira ya yi, ta miƙa wa ta gaba, ita ma ta ajiye ta miƙa. Amfanin hakan shi ne rage kuɗin tarho, domin ana tara wasiƙu da yawa a matse su wuri ɗaya a tura cikin mintuna kaɗan a lokacin da kira ya fi araha.

Wasiƙun iri biyu ne. Akwai wasiƙar mutum zuwa mutum, wadda ake kira netmail, mai ɗauke da adireshin wanda aka aika wa. Akwai kuma saƙon zaure, wato echomail, wanda Jeff Rush ya ƙirƙiro a 1986. Shi wannan ana rubuta shi ne a wani zauren tattaunawa, sai a kwafe shi zuwa ga kowace tashar da ta yi rajistar wannan zaure. Bambancin yana da muhimmanci wajen saiti: wasiƙar mutum hanya ɗaya take bi zuwa wuri ɗaya, saƙon zaure kuwa yaɗuwa yake yi kamar rassan bishiya.

3.0 Rabon Aiki Tsakanin Manhajoji

A al'adar FidoNet ba manhaja ɗaya ce ke yin komai ba. Manhajoji uku ne ke karɓa-karɓa. Ta farko ita ce manhajar rubutu, wadda mutum ke karatu da rubutu a cikinta, ko dai allon kansa ko kuma wata kamar GoldED. Ta biyu ita ce manhajar rarrabawa, irin su FastEcho da Squish da HPT. Aikinta shi ne ta tattara sababbin saƙonni ta zuba su cikin ƙunshi, wato fayil mai ƙarewa da .pkt, ta matse ƙunsosai su zama dami. Idan kuma dami ya iso daga waje, ta kwance shi ta kai kowane saƙo zaurensa. Ta uku ita ce manhajar jigila, wadda ke kiran wata tasha ko amsa kiranta domin miƙa damin. A zamanin tarho, BinkleyTerm da FrontDoor ne suka yi fice. A zamanin intanet kuwa binkd ce ta fi yaɗuwa, wadda Dima Maloff na Rasha ya fara rubutawa. Tana amfani da ƙa'idar binkp, tana kuma sauraren kira a ƙofa mai lamba 24554.

Manhajar jigila ba ta karanta abin da ke cikin dami, manhajar rarrabawa kuma ba ta kiran kowa. Abin da ya haɗa su kawai shi ne ma'ajiyoyi biyu a cikin kwamfuta: ta shigowa da ta fita. Don haka sharaɗin farko na saiti shi ne a rubuta wa manhajojin biyu sunayen ma'ajiyoyi iri ɗaya. Idan aka samu saɓani ko da na harafi ɗaya ne, mai rarrabawa za ta ajiye dami a wani wuri, mai jigila ta duba wani wurin daban ta ga wayam, wasiƙu su yi ta taruwa ba tare da an ga wata alamar kuskure ba.

4.0 Adireshi da Kundin Tashoshi

Adireshin FidoNet lambobi ne da aka jera daga babba zuwa ƙarami: shiyya, da gungu, da tasha, wani lokaci da reshe. Idan aka ɗauki adireshin misali 5:900/12.3, lamba 5 ita ce shiyya, 900 gungun tashoshin wani yanki, 12 tashar kanta, 3 kuma reshe ne, wato mai amfani da ke karɓar wasiƙunsa ta hannun wannan tasha ba tare da sunansa ya shiga kundi ba. Shiyya ta 1 ita ce Arewacin Amurka, ta 2 Turai, ta 3 Ostiraliya da maƙwabtanta, ta 4 Latin Amurka, ta 5 Afirka, ta 6 kuma Asiya. An soke shiyya ta 6 a 2007, ta 5 kuma a 2018, bayan tashoshinsu sun yi ƙaranci.

Kundin tashoshi, wato nodelist, shi ne littafin adireshi na hanyar baki ɗaya. A al'ada ana fitar da shi kowace Juma'a, kuma lambar ranar a cikin shekara ita ce ƙarshen sunan fayil ɗin. Kowane layi yana ɗauke da lambar tasha, da sunanta, da garinta, da sunan mai ita, da lambar tarho, da saurin modem, da wasu alamomi. Alamar CM tana nufin tashar tana amsa kira dare da rana. IBN kuma tana nufin ana samun ta da binkp. Manhajar jigilar da ke aiki da tsohon kundi za ta iya yin ta bugo wa lambar da ta riga ta koma hannun wani, ta tashe shi cikin dare da ƙarar modem.

Adireshin ne kuma ke zama sunan fayil a ma'ajiyar fita. A tsarin da BinkleyTerm ta shimfiɗa, wanda binkd ta gada, ana juya lambar gungu da ta tasha zuwa ƙidayar tushe 16, kowace ta ci gurbi huɗu. Gungu 900 ya zama 0384, tasha 12 ta zama 000C, sai sunan ya tashi 0384000C. Lambar shiyya ba ta cikin wannan suna. Ma'ajiya ce ke nuna ta. Shiyyar gida tana amfani da babbar ma'ajiyar fita, sauran shiyyoyi kuma kowace da tata mai ɗauke da lambarta a ƙarshen suna. Wannan ya sa dole manhajojin biyu su yi ittifaƙi a kan wace ce shiyyar gida. A binkd ana bayyana hakan ne a layin da ke farawa da domain. Kuskuren ya fi afkuwa ga wanda ya shiga hanya fiye da ɗaya, domin akwai wasu hanyoyin 'yan sha'awa masu aiki da wannan fasaha, kamar fsxNet mai amfani da shiyya ta 21.

5.0 Kalmomin Sirri

Sabuwar tasha tana buƙatar uwar tasha wadda za ta riƙa ba ta wasiƙu tana karɓar nata. Tsakanin su biyun akan ƙulla kalmomin sirri har uku, kuma rikita su yana daga cikin abin da ya fi wahalar da sabon shiga. Ta farko ita ce ta ganawa, wadda manhajojin jigila ke tantance juna da ita a farkon kira. A binkd ana rubuta ta ne a layin node, bayan adireshin uwar tasha da sunanta na intanet. Ta biyu ita ce ta ƙunshi, wadda ake rubutawa a goshin kowane fayil na .pkt, kuma ba ta wuce haruffa 8. Manhajar rarrabawa ce ke duba ta. Ta uku ita ce ta AreaFix, wato manhajar da ke karɓar rajistar zauruka: mai tasha zai aika mata wasiƙa, ya sa kalmar sirri a gurbin take, ya rubuta sunan zaure da alamar tarawa a gabansa idan shiga yake so, ko alamar ɗebewa idan fita zai yi.

Dalilin wannan tsaro a fili yake. Duk ƙunshin da aka karɓa aka rarraba, zai yaɗu zuwa sauran tashoshi da sunan tashar da ta karɓe shi. Saboda haka binkd ta tanadi ma'ajiyar shigowa ta dabam domin kayan baƙon da bai ba da kalmar sirri ba, kuma ingantaccen saiti ba ya barin saƙon zaure ya wuce daga wannan ma'ajiya sai mutum ya duba. Ya kamata kuma a san cewa kalmar sirri tana tantance tasha ne kawai, ba ta rufe abin da wasiƙa ta ƙunsa. Kowane mai tashar da wasiƙa ta yada zango a wurinsa yana iya karanta ta.

6.0 Hanya da Lokaci

Bayan an san wa ake aika wa, sai a yanke ta ina da kuma yaushe. Wasiƙar mutum tana iya bin zanguna ta hannun uwar tasha, tana kuma iya tafiya kai-tsaye. Ana nuna gaggawar dami da harafin farko na ƙarshen sunan fayil ɗin da ke jera kayan fita: .CLO na nufin a kira yanzu-yanzu, .HLO na nufin a riƙe har sai mai shi ya bugo da kansa, .FLO kuma a bi jadawalin da aka saba. A zamanin tarho wannan harafi guda kuɗi ne tsaba, domin wanda ya yi kira shi ke biya. Tashar da ta yi kuskuren sa alamar gaggawa a kan damin ƙetare tana iya wayar gari da bashin da ya fi ƙarfin mai ita.

Dokar hanyar, wadda aka fi sani da Policy 4 ta 1989, ta wajabta wa kowace tasha ta keɓe sa'a ɗaya a kullum domin karɓar wasiƙu kaɗai. A shiyya ta 1 sa'ar tana farawa da 09:00 agogon GMT, a shiyya ta 2 da 02:30, a shiyya ta 5 kuwa, kafin a soke ta, da 01:00, wanda ya yi daidai da ƙarfe biyu na dare agogon Nijeriya da Nijar. Wanda bai daidaita agogon kwamfutarsa da wannan lissafi ba, zai buɗe ƙofarsa ne bayan ayari ya wuce.

Waɗannan siffofi ne suka sa fasahar ta yi amfani a Afirka. A ƙarshen shekarun 1980 Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ta samu hanyar imel zuwa waje ta FidoNet, ta hannun Randy Bush da ke Portland a Amurka. A farkon shekarun 1990 kuma tashar GnFido ta ƙungiyar GreenNet da ke Landan ta riƙa musayar wasiƙu da tashoshi irin su PADIS a Addis Ababa, da ELCI a Nairobi, da MANGO a Harare, da ENDA a Dakar, tana sada su da intanet. Kira daga Turai ya fi araha, don haka tashoshin Afirka da dama sukan riƙe daminsu su jira a bugo musu. Ƙa'idar Zmodem kuma tana ci gaba da tura fayil daga inda layi ya katse, abin da ya dace da layukan tarho marasa ƙwari.

7.0 Maimaicin Saƙo

Babbar illar saƙon zaure ita ce ya zagayo ya dawo. Idan tasha ta karɓi zaure ɗaya daga uwaye biyu waɗanda su ma suna musayarsa a tsakaninsu, an yi da'ira ke nan, kuma saƙo guda zai riƙa isa sau biyu ko fiye. Domin magance haka, manhajar rarrabawa tana liƙa wa kowane saƙo layukan SEEN-BY masu jera tashoshin da aka riga aka ba shi, da layin PATH mai nuna zangunan da ya bi, yayin da manhajar rubutu ke ba shi lambar shaida ta MSGID. A wajen saiti ana buɗe wa manhajar rarrabawa rumbun tuna lambobin da ta taɓa gani, ana kuma keɓe wurin zuba maimaici da saƙonnin zauren da ba a sani ba. Idan rumbun ya yi ƙanƙanta, tsohon saƙo zai dawo a ɗauke shi sabo. A nan kuskuren mutum ɗaya yana shafar jama'a, domin a da kowace tashar da maimaicin ya ratsa sai ta biya kuɗin jigilarsa.

8.0 Jadawalin Haruffa da Rubutun Hausa

An gina FidoNet ne a kan kwamfutocin da ke ba kowane harafi bayit ɗaya, wato gurabe 256 kacal. Jadawalin CP437 na kwamfutocin IBM ya cike rabin sama na waɗannan gurabe da wasu haruffan Turai da zane-zanen akwati. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ a cikinsa, haka nan babu su a jadawalin Latin-1. A tsarin Unicode kuwa sun samu gurbi, inda kowanensu ke cin bayit biyu idan aka rubuta shi da UTF-8.

Hanyar da saƙo ke bayyana jadawalinsa ita ce wani ɓoyayyen layi mai farawa da CHRS, wanda daftarin FTS-5003 ya yi bayaninsa. Saƙon da aka rubuta da UTF-8 yana ɗauke da CHRS: UTF-8 4. Idan manhajar rubutu ba ta sa wannan layi ba, ko kuma ta mai karɓa ba ta san shi ba, za a karanta bayit biyun nan a matsayin haruffa biyu na CP437. Harafin ƙ zai bayyana a matsayin ╞Ö, ɗ ya zama ╔ù, ɓ kuma ya zama ╔ô. Wanda ya guje wa haka ta hanyar zubar da lanƙwasa ya faɗa wata matsalar, domin baƙi zai koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari. Ƙa'idar Nijeriya da ke rubuta 'y ta tsira daga wannan a harafi ɗaya, ƙa'idar Nijar mai amfani da ƴ kuwa ba ta tsira ba.

Akwai ƙarin tarko biyu. Na farko, gurbin sunan mai aikawa bayit 36 ne, na take kuma 72, har da alamar rufewa. Tun da bayit ake ƙirgawa ba harafi ba, taken Hausa mai yawan lanƙwasa ya fi saurin cika gurbin, kuma yankewar tana iya faɗawa a tsakiyar harafi. Na biyu, tsohuwar ƙa'idar FTS-0001 ta ɗauki bayit 8D a matsayin alamar karya layi wadda ake iya zubarwa. Wannan ya addabi Rashawa, domin a jadawalinsu na CP866 babban harafin Н a wannan gurbi yake, har suka saba musanya shi da H na boko. Haruffan boko masu lanƙwasa ba su ƙunshi wannan bayit ba, amma wasalin kisira biyu na rubutun Larabci, wanda ake cin karo da shi a matanonin ajami, yana ƙunshe da shi a UTF-8. Saboda haka tashar da za ta ɗauki irin wannan rubutu sai ta tabbatar cewa manhajar rarrabawarta, da ta kowane zango a gaba, ba ta zubar da shi.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa saita manhajar jigila ba cike gurabe ba ne kawai. Layin adireshi alkawari ne da kundin tashoshi, kalmar sirri amana ce tsakanin tasha da uwarta, jadawalin kira yarjejeniya ce a kan wanda zai biya, layin CHRS kuma yarjejeniya ce a kan yadda za a karanta abin da aka rubuta. Rashawa sun samar wa jadawalinsu gurbi a wannan hanya ne saboda sun yi yawa a cikinta, sun kuma rubuta manhajojinta da hannunsu. Harshen da masu shi ba sa wurin da ake rubuta saiti, sai dai ya karɓi abin da aka tsara domin wasu. Ga masu aikin adana matanonin Hausa da tura su tsakanin cibiyoyin nazari, gwajin da ya fi dacewa kafin a amince da kowace hanya shi ne a aika gajeren saƙo mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana, ya bi dukkan zanguna ya dawo, sannan a duba ko ya dawo yadda ya tafi.